Kaskon Inna a Faisal

Kafin in zo Alƙahira ban san sanyi da ruwan sama suna haɗuwa a rana ɗaya ba. A wajenmu kowa da lokacinsa. Damina ta gama nata ta tafi, sannan sanyi ya zo a bushe, ka ja bargo, hantsi ya yi ka fito ka sha rana. A nan kuwa haɗa kai suke yi su zo maka tare. Sanyin ma ba a waje yake tsayawa ba, a cikin bango yake kwana. Gidajen don zafi aka gina su, ƙasa duk tayil, ka taka da safe ka ji shi har cikin haƙoranka. Na yi shekaru ina karatu a garin, kowane sanyi sai in ce wannan ne na ƙarshe, kuma kowane sanyi ya dawo ya same ni a unguwar Faisal, a saman benen nan dai, kundin digirina bai ƙare ba.

A irin wannan sanyin matata ta haifa mana 'yarmu ta fari. Bisa al'ada gida ya kamata ta koma ta yi wanka a gaban mahaifiyarta, amma takardun zamanta suna hannun hukuma ana sabuntawa, in ta fita dawowa za ta yi wuya. Sai aka juya abin. Tunda 'ya ba za ta je ba, uwa ta zo.

Inna, surukata ke nan, tsohuwa ce 'yar ƙarama, ba ta da jiki, amma hannunta kamar na maƙeri. A ƙauyensu, can bayan Gumel, da wuya ka sami mai jegon da ba ta ratsa ta hannunta ba. Ita ake kira ta hura wuta, ta tafasa ruwa, ta gasa wa mace jiki har ta yi arba'in. Da na ɗauko ta daga filin jirgi, kayan sawarta ba su cika ƙaramar jaka ba. Sauran nauyin duk busasshen ganyen darbejiya ne da kanwa da yaji da gero. Abu ɗaya take tsoro a duniya, shi ne sanyi ya shigi mai jego. Tana da dalilinta. Ƙanwarta da suke ciki ɗaya a jego ta rasu tun suna 'yan mata, ta kumbura ta tafi, aka ce sanyi ne ya shige ta. Tun daga nan Inna ta ɗaura yaƙi da sanyi, kuma ba ta taɓa yarda an ci ta ba.

Gidanmu ɗaki ɗaya ne da falo, sai ɗan madafi da baranda da ba ta fi a shanya kaya ba. Na bar musu ɗakin na koma falo da littattafaina. To ga inda wahalar take: tun da na auri 'yarta, ni da Inna ba mu taɓa haɗa ido ba, ba mu kuma taɓa yin maganar da ta wuce gaisuwa ba. Gaisuwar ma daga bakin ƙofa nake yinta a durƙushe, ita kuma ta juya fuskarta ga bango ta amsa. A ƙauye wannan ba komai ba ne, gida da faɗi, kowa da sashensa. Amma ka zo ka yi kunyar suruka a gidan da bayan gidansa ɗaya ne, hanyar shiga kuma ba ta ɗaukar mutum biyu. Na koyi tari kafin in miƙe, na koyi jan takalmi da ƙarfi, na koyi riƙe fitsari har in ji an rufe ƙofa. Wallahi na gaji, ita ma na san ta gaji, amma babu wanda zai fara sassautawa.

Saƙo kuwa ta hannun matata yake bi, ko da muna jin muryar juna sarai. Kuma saƙo ba ya isa yadda ya tashi, sai ya rame a hanya. In na ce, "Ki gaya wa Inna likita ta ce kada ruwan ya cika zafi," sai in ji matata daga ciki tana cewa, "Inna, wai yana yi miki sannu da aiki." Ban ga laifinta ba. Ita ce 'yar fari a wajen Inna, ita ma kunyar tana kanta, ga jego ga rashin barci.

Yarinyar ba ta daɗe da suna ba aka fara shelar ruwa. Ba Alƙahira kaɗai ba, ƙasar gaba ɗaya, daga garuruwan bakin teku har kudu. Waya ta cika da gargaɗi, talabijin ɗin shagon shayi da ke ƙasan benenmu ba ya maganar komai sai ita. An rufe makarantu, an ba ma'aikata hutu, an ce kowa ya zauna gida, a guji turakun lantarki, kada a kwana da gawayi ko hita a rufaffen ɗaki. Mai gadin benenmu, wanda a nan ake kira bawwab, ya jera buhunan yashi a bakin ƙofa yana ƙunƙuni. Maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan da yaƙi ya koro, muna ce mata Hajja, ta ƙwanƙwasa mana ta ce, "Ya Malam, ku cika duk abin da kuke da shi da ruwa. Famfo zai ɗauke."

Na ce, "Hajja, ruwa na zuba daga sama kuma a ɗauke na famfo?"

Ta ce, "Haka suke yi. Magudanar garin ba ta iya ɗaukar na sama da na gidaje tare, sai su tsayar da na gidaje. Ni dai khalas, shi ke nan, na gaya maka."

Na cika bokitai da tukwane, har da butar alwala. Inna kuwa ta fita baranda ta daɗe tana kallon sama. Da ta dawo na ji tana ce wa 'yarta, "Ruwa a cikin sanyi? Mutanen nan dai ba su da aikin yi."

Washegari da safe ya sauko. Ba irin na gida ba ne da zai zo da ƙarfinsa ya wuce a ji ƙamshin ƙasa. Wannan zuba yake yi ba fasawa, da iska mai yankan kunne, sama ta yi kalar toka. Kafin azahar layinmu ya zama kogi. Aka ɗauke wuta don kada ta kashe mutane a cikin ruwa, hitarmu ta mutu. Aka ɗauke famfo kamar yadda Hajja ta faɗa. Ruwan da na tara ina ganin zai kai mu kwanaki, wankan jego na safe da na yamma ya shanye shi a yini guda. Mai sayar da tukunyar gas, wanda kullum yake damun mu da ƙwanƙwasa ƙarfe a ƙasan bene, ranar da ake nemansa ko ƙeyarsa ba a gani ba. Da gari ya sake wayewa Inna ta ɗora ragowar ruwan da ta kankare daga bokitai, wutar gas ɗin ta yi ja, ta yi ƙasa, ta mutu a ƙarƙashin tukunya.

A ranar na fara jin muryar Inna ta ɗaga. Ta ce, "Ɗanyen jego, a ce ba wanka, ba wuta? A wannan sanyin? Ki gaya wa malaminku ni ban zo ƙasar nan don in koma da gawa ba. Ruwa da wuta nake so."

Wannan saƙon bai buƙaci ɗan aike ba. Na je na ƙwanƙwasa wa Hajja. Tana da gawayin da take dafa gahawa da shi tana kuma turara ɗaki, ta ɗebo mana rabin leda, ta haɗa da ɗan kaskonta na ƙarfe. Ta riƙe ledar ba ta saki ba sai da ta ce, "A baranda kawai, ka ji? Ba a ciki ba."

Na ajiye kayan a baranda, na tsaya a falo, na kira matata. Na ɗaga murya yadda bango zai isar da maganar ko ita ba ta isar ba. Na ce, "Ki gaya wa Inna garwashin nan kada ya shiga ɗaki. Ɗakunan nan ba irin na gida ba ne, ba su da kafar da iska ke fita. In an rufe taga garwashi yana kisa, ba hayaƙi ba wari. A baranda za a dafa, a baranda za a bar shi."

Matata ta koma ciki, na ji ta ce, "Inna, wai a yi hankali da wutar."

Inna ta ce, "Na ji shi. Ki ce masa tun kafin a yi auren uwarsa nake hura wa masu jego wuta."

Gaskiyarta ne kuwa. A ɗakin ƙasa na ƙauye, da rufin azara da ƙofar da ba ta haɗuwa da dokinta, ka kwana da kasko har safe ba abin da zai same ka, iska na shiga ta ko'ina. Duk rayuwarta haka ta gani. Na maimaita maganar baranda sau ɗaya, na ɗauki jarkoki biyu na sauka neman ruwa.

Layinmu ruwa har ƙwauri, a wasu wuraren har gwiwa, launin kunun kanwa, ledoji da ɓawon lemo suna yawo a kai. Na naɗe wando na riƙe takalmi a hammata. Sanyin ruwan ya fara da cizo, daga baya na daina jin ƙafafuna gaba ɗaya. A babban titin Faisal ƙananan bas-bas ɗin da kullum suke cika mana kunne da oda sun mutu a tsakiyar hanya, direbobin na zaune a kan rufi suna shan taba. Ma'aikata cikin rigunan ruwa sun cika titin. Ga manyan motocin zuƙe ruwa da dogayen tiyo, su cika ciki su tafi su zubar su dawo, ruwan kuma kamar ba a taɓa shi ba. Wani ma'aikaci ya buɗe murfin magudana ya tsaya a kai, ruwa har cinyarsa, aikinsa kawai ya hana mutane faɗawa ramin. Idanunsa sun yi jawur, da gani a tsaye ya kwana. Da na zo wucewa ya tare ni da hannu ya nuna mini gefe, ya ce, "Ma'alish ya Sheikh, yi haƙuri, bi ta can." An zagaye wani turken lantarki da igiya, an sa wani ɗan sanda yana korar mutane, shi ma jiƙe sharkaf. Kowa ka kalla a gajiye yake, har masu faɗan ma a hankali suke yi.

Aka ce mini akwai tankar ruwan sha a gaban wani masallaci can gaba. Na same ta, na kuma sami layin da ya fi ta tsawo. Na shiga na tsaya. Ba abin da nake tunani sai yadda na baro gida, yarinya na ta kuka kamar yadda ta saba tun ranar da aka haife ta, matata na rawar sanyi a cikin barguna. Na shiga layin da hantsi, ban kai ga bakin tiyo ba sai da aka kira azahar. Dawowar ta fi tafiyar wuya. Jarka cike da ruwa a kowane hannu, ƙafa ba ta ganin inda take takawa, in yi 'yar tafiya in tsaya in huta, hannayena sun sandare a kan mariƙin. Lif ba wuta, na hau matakala ina ajiyewa ina ɗauka. A raina ina cewa in na shiga ko alwala ba zan iya ba sai na kwanta.

Da na buɗe ƙofa shirun ne ya fara damuna. Na ajiye jarkokin na leƙa baranda. Iska ta kaɗo ruwa ta jiƙa ta gaba ɗaya, kaskon ba ya nan, sai baƙin zagaye na jiƙaƙƙiyar toka a inda ya zauna. Ƙofar ɗaki a rufe, an cusa tsumma a ƙarƙashinta daga ciki.

Na yi sallama. Na yi tari. Na sake sallama da ƙarfi, na kira matata. Babu amsa, kuma yarinyar da ba ta iya yin shiru ko na tsawon sallar farilla ba ta ko motsa ba. Tun zuwan Inna ban taɓa taka cikin ɗakin nan ba, ƙafata ma ta saba tsayawa a bakin ƙofar da kanta. Na sa kafaɗa na banke ta.

Ɗumi ne ya fara dukan fuskata, ɗumi mai daɗi irin wanda rabona da shi tun gida. Babu hayaƙi, sai ɗan ƙamshin turare. Kaskon na tsakiyar ɗaki, garwashin ya yi ja ya lulluɓe da farar toka. Matata na kwance a gado, amai a gefen bakinta, yarinyar a jikinta. Inna na zaune a ƙasa ta jingina da gadon, mafici a hannunta, kanta ya faɗo kan ƙirji. Ɗankwalinta ya zame, ranar na fara ganin gashin kanta, fari fat. Tagar alminiyon kuwa ta bi duk wata kafa ta toshe da yagaggen zane, tsaf, kamar yadda take yin komai.

Na fizge tsummokaran na ja tagar, iska da ruwa suka shigo. Na ɗauki yarinyar. Jikinta ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma, amma da na kara kunnena akwai numfashi, siriri. Na fita da ita bakin matakala ina kiran Hajja da muryar da ban san ina da ita ba. Ta fito ta karɓe ta ba tambaya. Na koma na jawo matata har waje, na sake komawa na ɗauko Inna. Kaina ya fara sarawa, na ɗauki jarkar da na sha wuya a kanta na juye a kan kaskon.

Iskar matakala ta farkar da matata, ta yi ta amai tana tambayar ina yarinya. Maƙwabta suka fito. Wani ya kira motar asibiti, layin a cike, ya sake kira ya sake kira, da aka ɗauka aka ce motar ba za ta iya shiga layinmu ba saboda ruwa, a fito da su babban titi wajen gada, za a jira a can. Wa zai fito da su? Ko tuktuk, a-daidaita-sahun garin da ba ya tsoron komai, ranar bai shigo ba. Bawwab ne ya ruga cikin ruwa da jallabiyarsa, sai ga shi ya dawo a maƙale a jikin motar zuƙe ruwan da ke aiki a bakin layi. Ita kaɗai ce ke da tsayin da za ta shigo.

Matan bene suka riƙe matata suka sauka da ita, Hajja ta rungume yarinyar a cikin mayafinta. Saura Inna, ba ta farka ba. Na durƙusa na goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, jarkar ruwa ɗaya ta fi ta. Muna tsakiyar matakala na ji ta motsa, ta yi nishi, ta ɗago kai. Na ji lokacin da ta gane bayan wa take, don jikinta duk ya ƙage. Ta ce a hankali, "Sauke ni."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba zan sauke ki ba."

Ban da gaisuwa, wannan ce magana ta farko da na taɓa yi mata kai tsaye. Ta kifa fuskarta a kafaɗata.

Direban, wani ƙaton mutum da gemun da ya kwana biyu ba aski, ya cusa mu a gaban motar yana "Yalla, yalla!" Abokan aikinsa suka maƙale a baya. Motar tana warin abin da take kwasa, ruwa na tsagewa gefe da gefe, shi kuma yana danna oda yana salati yana zagin duk wanda ya tare hanya, duk a numfashi ɗaya. Idona na kan mayafin Hajja, ina jiran ya motsa. A gindin gada motar asibiti na jira kamar yadda aka ce. Kafin in juya in yi wa direban godiya ya riga ya juya kan motarsa ya koma bakin aikinsa. Har yau ban san shi ba, in na gan shi a hanya ma ba lallai in gane shi ba.

A asibiti aka ɗora wa yarinyar abin shaƙar iska wanda ya kusa rufe fuskarta duka. Aka sa wa matata da Inna nasu. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini ba mu ne na farko ba a ranar, tun jiya ake kawo su, wasu gawayi wasu hita, wasu kuma ba a kawo su da wuri ba. Na zauna a ƙasa a bakin ɗakin, wandona na ɗiga, ƙafafuna sun fara dawowa da zafi kamar ana soka mini allura. Addu'ar ma ta ƙi haɗuwa a bakina, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa. Ana gab da kiran magariba na ji kukan nan na yarinyar, wanda ya hana ni barci tun haihuwarta, wanda har na taɓa toshe kunne da filo saboda shi. Ban yi tsalle ba, ban ma iya miƙewa ba. Na sunkuyar da kai na yi ta kuka, wani tsoho da ke jiran nasa mara lafiyan ya dafa ni yana "Tamam, tamam, alhamdulillah."

Da likita ya zo, matashi ne da shi ma barci ya cika wa ido, ya tambayi wa ya shigar da gawayi ɗaki. Kallo ɗaya ya yi mana ya gane. Ya juya wajen Inna ya yi ta faɗa da Larabci, ya ce da an ƙara ɗan lokaci da gawa uku za a fitar, jaririyar ce za ta fara tafiya. Ya ce in fassara mata kalma da kalma. Na tsaya a bakin gadon, idona a ƙasa, na ce, "Inna, wai yana yi miki sannu." Ba ni take kallo ba. Tana kallon yatsu ukun da likitan ya ɗaga, ba ta buƙatar tafinta.

Bayan 'yan kwanaki aka sallame mu. Ruwa ya janye ya bar laka da wari a layin, wuta ta dawo, famfo ya dawo, mai gas ya dawo da ƙwanƙwasarsa kamar ba shi ba. Talabijin ya koma maganar ƙwallo. Inna ta ci gaba da wankan jego a kan gas, safe da yamma, ba ta fasa ko sau ɗaya ba, ta dama kunun kanwa, ta gasa nama da yaji. Amma ta daina magana. Waƙar da take yi wa jaririyar in tana mata wanka ma ta daina. Hajja ta shigo ta ba ta haƙuri, ta ce ƙaddara ce, ita ma da ta ba da gawayin ai da hannunta a ciki. Inna ta ce "Haka ne" kawai.

Wata safiya ina falo ina fama da kundina, sai na ji an tsaya a bakin ƙofa. Na ɗauka matata ce. Da na ɗago sai na ga Inna, ba ta juya fuska ga bango ba, ni take kallo. Na yi sauri zan durƙusa, ta ce, "Malam, taso ka nuna mini yadda ake buɗe tagar nan."

Na bi ta cikin ɗakin. Na nuna mata ɗan maƙallin da ake dannawa, da yadda ake turawa gefe. Ta gwada ya ƙi, ta sake gwadawa ya buɗe. Ta rufe ta buɗe har hannunta ya saba. Daga ranar tagar ba ta sake rufuwa ba. Kullum a buɗe kamar faɗin tafin hannu, komai sanyi. Ta lulluɓe mai jego da jaririya da duk bargunan gidan, ita kuma ta shimfiɗa tabarmarta a ƙarƙashin tagar, iska na sauka a kanta. Ta kamu da tari. Matata ta lallaɓa ta rufe in ta ga ta yi barci, Inna ta farka ta buɗe. Na aika a gaya mata ai babu gawayi a gidan yanzu, ba komai in an rufe. Ta ce ta ji.

Aka yi arba'in na raka ta filin jirgi. Jakarta ba nauyi, ganyen ya ƙare.

Da sanyi ya zagayo, ƙanwar matata ta kira daga gida take ba mu labari. Wai Inna ta daina zuwa jego. Duk wanda ya aiko sai ta ce hannunta ya gaji, a nemi wata. Kasko kuma ya bar ɗakinta, ɗakin ƙasar nan da iska ke shiga ta ko'ina, wanda ta yi shekaru tana kwana da wuta a ciki lafiya. Jikoki su kawo mata garwashi ta ce a mayar. Mutanen ƙauye suna cewa tun da ta je Masar ta dawo wata iri. Ba ta gaya wa kowa abin da ya faru ba, mu ma ba mu faɗa ba.

Yarinyar yanzu ta yi wayo, tana gudu a falo tana watsa mini takardu, Larabcinta ya fi nawa daɗi. Ni kuwa ina nan a Faisal, kundin saura kaɗan, kamar yadda nake faɗa kowace shekara. Duk lokacin da aka fara shelar ruwa a waya nakan cika bokitai ba sai Hajja ta ƙwanƙwasa ba. A sanyin da ya wuce, wata safiya ana yayyafi, ƙanwar matata ta haɗa mu da Inna a waya mai hoto. Tana zaune a kan gadonta ta duƙunƙune cikin bargo, ƙofar ɗakin a buɗe a bayanta, muryarta na rawa saboda sanyi. Ta gaisa da 'yarta, ta yi wa jikarta wasa, ta kira ta kishiya kamar yadda kakanni ke yi. Sannan ta ce a ba ni.

Ta ce, "Malam, an ce ana ruwa a wajenku."

Na ce, "Ana yi, Inna, amma kaɗan ne."

Ta ce, "Tagarku a buɗe take?"

Na ce, "A buɗe take, Inna."

Ta ce, "Juya wayar in gani."